Autanmu ya ce gara a ce shi ya mutu a Hawan Kibo

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Daga Unguwar Rogo nake rubuto miki, a nan Jos. Shekarata 33, ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Aurena ya mutu, ina zaune a gidanmu da 'yata mai shekara 8. Wata goma ke nan da mahaifinmu ya rasu a haɗarin mota a Hawan Kibo, sun ɗauko dankali za su kai Abuja. Autanmu ɗan shekara 20 yana gaban motar tare da shi. Shi ƙujewa kawai ya yi, amma a kan cinyarsa Baba ya cika. Tun daga ranar ya daina zuwa makaranta, ya daina zuwa kasuwa, ba ya barci sai asuba ta kusa, in tirela ta danna hon sai ya zabura yana gumi. Na tsinci fankon ƙwaya a aljihunsa. Makon jiya ya ce mini, "Yaya, gara a ce ni na mutu." Mama tun da ta fita takaba abinci sai an yi da gaske, kullum ƙirji, kullum kai. 'Yata ta koma fitsarin kwance. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Baffanmu ya ce aljanun hanya ne, a kai shi gidan mari. Na tambaya a wani asibitin kuɗi, aka ce zama ɗaya da mai ba da shawara naira dubu 20, ni kuma albashina dubu 45. Ina talaka zai nufa da irin wannan?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa.

Za mu zo kan kuɗi, za mu zo kan Baffa. Amma maganar da Auta ya faɗa miki makon jiya ita ce ba za ta jira ƙarshen wata ba, don haka da ita zan fara.

Mu in yaro ya faɗi irin wannan, abin da ke fara fitowa daga bakinmu shi ne, "A'uzubillahi! Kar in sake jin haka, saɓo ne." Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, mu kuma hankalinmu ya kwanta wai an wuce wurin. Alhali ƙofa ɗaya ya buɗe, muka mayar masa da ita. Ki koma wurinsa, a daren yau in da hali, lokacin da gida ya yi tsit. Kar ki tsaya a kansa, ki zauna a ƙasa kusa da shi. Ki ce, "Auta, maganar da ka yi mini rannan ta tsaya mini a rai. Tunanin ka kashe kanka yana zo maka?" Haka za ki faɗe ta, ba kewaye-kewaye. Na san bakinki zai yi nauyi, kuma na san tsoron da ke ranki, wato kar tambayar ta sa masa abin da bai yi tunani ba. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da bin diddigin wannan tsoro, sun ga tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi. Wanda kuwa yake ɗauke da shi, sauƙi yake ji in wani ya kira abin da sunansa bai gudu ba.

In ya ce e, ki tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa. In ya ce yakan dai ji da ma bai farka ba, amma bai shirya komai ba, to asibiti cikin wannan makon. In kuwa ya ce ya tanadi wani abu, ko ya sa rana, ko ya taɓa gwadawa, to ba a kwana. Ki samu namiji ɗaya da yake jin nauyinsa, ku tari keke ku nufi sashen gaggawa ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma kar a bar shi shi kaɗai kafin nan. Ko me ya amsa, gobe da safe ki zagaya gidan: fiya-fiya, Sniper, shinkafar ɓera, maganin feshin gona in Baba ya bar saura, da ledar magungunan Mama. Ki kwashe, ki kulle, ki riƙe makullin. Sau da yawa wannan tunani kamar hadarin Jos yake, ya haɗu baƙi ƙirin cikin minti goma, ya sauke, ya wuce. Abin da yake kusa da hannu a cikin mintocin nan shi ke raba wanda ya tsira da wanda aka rasa.

Yanzu ga abin da nake gani a wasiƙarki, ko da yake likitan da ya zauna da shi ne zai yanke. Mutumin da ya ga mutuwa ido da ido, ƙwaƙwalwarsa takan ƙi yarda cewa abin ya wuce. Jikinsa yana Unguwar Rogo, amma mai gadin da ke cikin kansa har yanzu yana gangaren nan, birki ya ƙi kamawa. Shi ya sa hon ke zaburar da shi. Shi ya sa yake gudun barci, don da ya rufe ido motar yake gani. Shi ya sa yake gudun kasuwa, don kowane buhun dankali Baba ne. Mutane da yawa sukan yi haka a makonnin farko bayan tashin hankali, yawanci kuma ya lafa da kansa. In ya haura wata guda yana hana mutum harkokinsa, likitoci sukan ɗauke shi ciwo mai suna, ciwon firgici na bayan tashin hankali, kuma yakan zo da abokin tafiyarsa, ciwon damuwa. A kan wannan sai ki ɗora tambayar da na tabbata tana cinsa bai faɗa wa kowa ba: me ya sa ni na fita da ƙujewa, shi ya tafi? Ƙwayar da kika gani, mafi yawa a irin wannan hali neman barci ke kai yaro gare ta. Ba ina wanke ta ba ne, tana iya zama ciwo na uku in aka bar ta. Amma in kika fara da faɗan ƙwaya, kin kama reshe.

Mu mutanen Jos bai kamata wannan ciwo ya zama baƙo a wurinmu ba. Mun ga Satumbar 2001, mun ga Nuwambar 2008, mun ga Janairun 2010, mun ji ƙarar bama-baman kasuwar Terminus a Mayun 2014 da suka ci mutum fiye da 100. Ina da maƙwabciya mai sayar da atamfa da ta tsira ranar Terminus ba ko ƙwarzane. Shekara biyu ba ta taka cikin gari ba. Wata rana muna zaune a tsakar gida ana tankaɗe, tayar wata babbar mota ta fashe a titi, sai ga babbar mace ta shige ƙarƙashin benci, gari ya zube mata a ka, tana kiran sunan ɗanta. Yara suka yi dariya. Mu manya muka ce "sai haƙuri," muka karkaɗe mata zane. Babu wanda ya ce a kai ta asibiti, har da ni, don a lokacin ban san ana kaiwa ba. Har yau abin yana damuna. Garin nan cike yake da irinta, kowa ya sa wa nasa suna: hawan jini, olsa, iska, saurin fushi.

Sai Baffa. Ba na zaton mugunta ce ta sa ya kawo maganar gidan mari. Ɗan ɗan'uwansa yake gani yana lalacewa, shi kuma abin da ya sani ke nan. Amma a nan ba zan yi miki kara ba: kar ki yarda. A Satumbar 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, aka kuma bi da wasu gidajen a Katsina da Daura. Yaron da tsoro ya riga ya cinye, a ƙara masa da sarƙa da duka, wane irin mutum ake sa ran a dawo da shi? Ita ma doka ta bar wajen. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta ba mai irin wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, ba azabtarwa, ba wulaƙanci.

Sai dai kar ki je wa Baffa da doka a baki, ke 'ya ce. Ki je gidansa da safe, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Baffa, kai ne ubanmu yanzu. Ina roƙon ka ba mu wata uku mu gwada asibiti, addu'a kuma kar a fasa, kai za ka ja mana ita." Kin ba shi girmansa, kin ba shi aiki, kin sayi lokaci. In kina ganin zai cije, ki bi ta wurin limamin unguwa ko wata gwaggo da yake jin kunyarta. Addu'a da asibiti ai ba kishiyoyi ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Duk wanda ya ce wa Auta ƙarancin imani ne ke damunsa, ya ƙara masa dutse a kan kayan da ya riga ya fi ƙarfinsa. A ci gaba da karatun Alƙur'ani da azkar. Abin da zan ce a dakatar shi ne hayaƙin da ke shaƙe mutum, da duk mai maganin da kuɗinsa ke ƙaruwa kowane zuwa.

To, ina za a nufa?

Dubu 20 ɗin da aka faɗa miki farashin ƙofa ɗaya ce, kuma mafi tsada. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kati da ganin likita a asibitin gwamnati ba su kama ƙafar wancan kuɗin ba. Abin da za ki biya da shi sosai shi ne lokaci. Ku yi sammako bayan sallar asuba, ki ɗauko rigar sanyi da abin karyawa a leda, ki nemi izinin yini guda a makaranta, don layi ne. Za ku yanki kati, ku fara ganin likitan da ke duba kowa da kowa, shi zai tura ku sashen da ya dace. In Lamingo ta yi miki nisa a ranar farko, asibitin ƙwararru na jihar Filato ko kowane asibitin gwamnati zai iya duba shi ya rubuta muku takardar turawa. A gaban likita kar a ce "ba ya jin daɗi ne." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki rubuta a takarda tun daga gida: ranar haɗarin, awa nawa yake barci, abin da ke zaburar da shi, sunan ƙwayar in kin iya karanta fankon, da maganar da ya faɗa miki kalma da kalma. Ki tafi da fankon ma. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, don haka wanda za ki gani a gajiye yake, mintocinsa ƙidayayyu ne. Takardar nan ita za ta sa mintocin su yi amfani.

Ki san mutanen da ke wurin, don kar ki fito da rabin abin da kika je nema. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi ke gano ciwo ya rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, shi ba ya rubuta magani, aikinsa zama da hira mai tsari, wato ainihin abin da aka ce miki dubu 20. Ki buɗe baki ki ce kina so a haɗa Auta da shi, don a ciwon firgici wannan zaman shi ne kan gaba, maganin asibiti mataimaki ne. Akwai kuma ofishin jin daɗin marasa lafiya, inda ake sauraron wanda kuɗi ya gagara. Mutane da yawa ba su san da shi ba, waɗanda suka sani kuma kunya ke hana su shiga. Ki shiga. Ki faɗi albashinki da yawan bakin da ke kansa. Sannan ki leƙa ofishin PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, ki ji tsarin da suke da shi na masu ƙaramin ƙarfi da abin da yake ɗauka, musamman saboda Mama da za ta riƙa zuwa asibiti a kai a kai.

Zaman hirar nan ba wa'azi ba ne, kuma ba "ka yi haƙuri" za a yi ta nanata masa ba. Yakan ɗauki kamar minti 45 zuwa awa guda, sau ɗaya a mako ko mako biyu, kuma galibi zama 8 zuwa 12 ake tsarawa, ba abin har abada ba ne. Da farko za a koya masa yadda zai saukar da numfashinsa in ƙirji ya fara bugu, da yadda zai gyara barcinsa. Daga nan, a hankali, za a sa shi ya ba da labarin ranar, ya sake bayarwa, har labarin ya koma abin da ya faru a baya, ya daina zama abin da ke faruwa yanzu. Za a zauna da shi a kan tambayar nan ta "laifina ne," a warware ta zare-zare: kai ke tuƙi? Kai ka ƙera birkin? Za a ba shi aikin gida, yau ya tsaya bakin titin Bauchi minti biyar, wani makon ya shiga mota zuwa Farin Gada. Wasu ranakun zai dawo ya fi yadda ya tafi jagulewa. Wannan ba alamar abin ya ƙi ba ce, miki ne ake wankewa. Abin da ya faɗa a ɗakin kuma sirrinsa ne, sai dai in rayuwarsa na cikin haɗari. Kar ki tsare shi da "me ka ce musu?"

In an rubuta magani, ki riƙe abu huɗu. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline tsofaffi ne, akwai masu araha, ki ce a rubuta sunan maganin na asali ba na kamfani mai tsada ba. Ba sa aiki kamar Panadol, sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6, kafin a ga canji, kuma a nan ne yawancin mutane ke watsarwa su ce bai karɓe su ba. In ya ji sauƙi ba a tsayarwa kai tsaye, likita ke ragewa bayan watanni. Na huɗun shi ya fi muhimmanci a gidanku: maganin a hannunki zai zauna, ke za ki riƙa ba shi na kowace rana, don amitriptyline in an sha da yawa yana kisa. Kuma in tramol yake sha, dole likita ya sani, saboda haɗa shi da waɗannan magunguna na iya jawo farfaɗiya. Kar wani mai kemis ya ba ku diazepam wai na barci. Mako kaɗan jiki ke sabawa da shi, a fita daga rami a faɗa rijiya.

Yadda za ki kai shi kuwa, kar a yaudare shi da "zo ka raka ni." In ya gane, kin rasa shi. Kuma kar kalmar mahaukaci ta fito daga bakin kowa a gidan. Ki ce, "Wata goma ba ka yi barcin kirki ba. Akwai likitocin da aikinsu ke nan, mutanen da suka ga haɗari. Mu je sau ɗaya, ni da kai, in bai yi maka ba mu sake shawara." Rashin barci abu ne da namiji ɗan shekara 20 zai yarda yana damunsa ba tare da ya ji an taɓa mazantakarsa ba. In akwai abokinsa ɗaya na kirki da bai daina leƙo shi ba, ki jawo shi cikin maganar.

Mama. Tsofaffinmu ba sa cewa "ina cikin damuwa," jiki ke faɗa musu: ƙirji ya riƙe, kai na sara, abu na yawo a jiki, baki ba ɗanɗano. Kuma kin lura daidai, bayan takaba abin ya tsananta. Wata huɗu da kwana goma gida cike da masu gaisuwa, rana ɗaya kowa ya koma harkarsa, aka bar ta da tabarmar Baba da butarsa. Ki fara kai ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa a auna jininta da suga, a duba ko jini ya yi ƙasa, don ciwon ƙirji a shekarunta ba a ɗora shi kan tunani sai an duba zuciya. In an duba ba a ga abin da ya kai yawan kukanta ba, ki faɗa wa ma'aikacin lafiyar ƙarara cewa mijinta ya rasu, ba ta ci, ba ta barci. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa su fara kula da shi, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. A gida kuma, ki daina karɓe mata duk aiki don tausayi. Ki ajiye mata tiren shinkafa ta tsince, ki ce miyarki ba ta kai tata ba, ta zo ta nuna miki. Ki roƙi ƙawarta ɗaya ta riƙa biyo mata zuwa Islamiyya. Nana A'isha, in an yi rasuwa a danginta, takan sa a dama talbina, kunun sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa yana kwantar da zuciyar mara lafiya, yana rage baƙin ciki. Mu nan Allah ya ba mu acha. Kunu mai ɗumi da madara, ku sha tare a kofi biyu, ya fi kwanon tuwo da za a tura mata ɗaki ya dawo yadda ya tafi.

Ita kuma ƙaramar, na tabbata Baba amaryarsa yake kiranta, ita ma mijinta ta rasa, kuma ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Yaro ba ya iya cewa ina kewa, sai ya koma baya: fitsarin kwance, manne wa uwa, faɗuwa a aji. Kar a doke ta, kar a bari yaran gida su kira ta amalala. Ki sa leda a ƙarƙashin zanen gado, ki rage mata ruwa bayan magariba, ta yi fitsari kafin ta kwanta, ku wanke zanen tare ba tare da magana ba. In an ce mata "Baba ya yi tafiya," ki gyara: ya rasu, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a, kuma ba laifin kowa ba ne. Yara sukan ɗauka wani rashin jinsu ne ya jawo. Ki bar ta ta yi tambaya, ko sau goma ne. Ki sa a gwada fitsarinta ranar da kika kai Mama, don cutar mafitsara ko suga ma na kawo haka. In wata biyu zuwa uku suka wuce ba canji, likitan yara.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, bari in faɗe shi ko da ya ɗan kauce. Wannan aiki na sauraron mai damuwa ba dole sai mai babban digiri ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiyarsa a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon a kulle su, duniya ta zo tana koyo. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mai damuwa ya zo su yi zama shida kyauta. Da aka auna, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Benci fa, da tsohuwa mai kunne da riƙon sirri, da horo na 'yan kwanaki. Mu a Jos muna da 'yan agaji a kowane masallaci, muna da makarantun matan aure a kowane lungu, muna da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, ga sashen nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jos a bakin ƙofarmu. Muna iya tara kuɗin tayil ɗin masallaci cikin Juma'a biyu, muna iya anko kala uku a biki ɗaya. A ce har yau malamar firamare sai ta rubuto wa jarida kafin ta san inda za ta kai ƙanenta, wannan gazawarmu ce mu manya.

Ban manta da ke ba. A duk wasiƙarki ba ki faɗi yadda kike barci ba, kuma mahaifinki ne ke ma. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, don haka kar ki ɗauki ukun nan a mako ɗaya. Auta wannan makon. Mama da yarinya in an yi albashi. Sauran 'yan'uwa da ke aure ko suke wani gari, ki daina ce musu "lafiya lau" a waya. Ki raba musu kaya da suna: wane kuɗin mota zuwa Lamingo, wance maganin Mama, wance ta zo ta kwana biyu a wata ke ki huta. Mutane sun fi amsa roƙon da aka yanka musu daidai aljihunsu. Kuma ranar da kika kai Auta, in aka tambaye ki "ke fa?", kar ki yi murmushin nan namu ki ce Alhamdulillahi ki wuce. Ki ce Alhamdulillahi, sannan ki faɗi gaskiya.

Yau dai ki dafa shayi mai citta, kofi biyu, ki ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan Mama ta kwanta. In bai buɗe ba ki zauna a bakin ƙofar ki ce kina nan, gobe ki sake dawowa. Bayan kun je asibiti ki rubuto mini abin da likita ya ce, da yadda kuka ƙare da Baffa.